Kujera ta Biyu a Gaban Sifikoki

Maigida,

Na fita aiki kana barci, ban so in tashe ka ba.

Jiya da rana mai gyara ya kawo babbar amfilifayar, na'urar ƙara ƙarfin sauti. Ya ce tsohuwar lafiyarta ƙalau, sifikokin nan naka ne masu cin wuta, sun fi ƙarfinta, shi ya sa take zafi tana ɗaukewa. Wannan kam za ta iya da su. Amma ka bar ta ta ɗumama kafin ka ƙara murya, kuma kada ka ɗora komai a kanta, tana son iska.

Da ya tafi na sa waƙa, na zauna a kujerarka ta tsakiya na saurara. Har numfashin mawaƙiyar na ji, kamar tana tsaye a falon. Na juya in ce maka "Ka ji?", sai na tuna ba ka nan.

Na jawo kujerar kicin na ajiye kusa da taka. Na sani, kullum kana cewa daga gefe sautin ba ya zuwa daidai. Ni ban damu ba. Kada ka mayar da ita.

Matarka