Giyar Taimin da Ta Ƙi Fita a Rumfar Auta

Daga: Tsohon akawu mai ritaya,
Gida mai koren ƙofa, layin bayan firamare.
Talata, 12 ga Mayu.

Zuwa ga: Mai girma Shugaban Ƙungiyar Makanikai,
Garejin bayan tashar mota.

Ranka ya daɗe,

GAME DA: MOTATA DA AKA BUƊE A RUMFA TA UKU, DA DOKARKU TA HANA WANI YA SA MATA HANNU

Ina miƙa gaisuwa irin wadda ta dace da matsayinka, tare da fatan kana lafiya, kai da jama'arka. Na zo ofishinka sau biyu ban same ka ba, zaman jira kuwa ya gagare ni a kwanakin nan, shi ya sa na ɗauki alƙalami. Makaniken da maganar ta shafa shi ne wanda kuka sani da Auta. Ba zan ɓoye maka ba, ƙanin matata ne, ita ta goya shi, ita ce kuma ta ce kada in kai motar ko'ina sai wurinsa.

1. Ranar 21 ga Afrilu na kawo motata tana yoyon baƙin mai ta gaban inji. Auta ya ce sil, wato robar da ke tare mai a bakin karanshaf, babban ƙarfen da ke juyawa a cikin inji, shi ne ya mutu, kuma kafin a kai gare shi sai an zare giyar taimin, wato ɗan ƙarfen nan mai haƙora da bel yake hawa a kansa. Ya ce in je in yi azahar in dawo in ɗauki abata. Na yi azahar, na yi la'asar, yau ga shi mako uku ke nan cif. Tsatsa ta riƙe giyar gam, ta ƙi motsi.

2. Ba na tuhumar sa da lalaci, don da idona na ga wahalar da ya sha. Ya jiƙa ta da mai ta kwana. Ya sa mata liba biyu, wato ƙarafan ɓamɓara, ta baya ya danna, har gefen murfin famfon mai ya ɓantare. Ranar 29 ga Afrilu ya kira mai walda aka hura mata wuta, abin da ya ƙone kawai shi ne bayan hannunsa na dama. Daga nan ya koma guduma. Ranka ya daɗe, ni ba makanike ba ne, aikina takarda ne da hatimi, amma duk dukan da ya sauka a bakin karanshaf ɗin nan a ƙirjina nake jin sa. An shaida mini cewa idan bakin ya baje, magana ta tashi daga giya ta koma sauke inji gaba ɗaya.

3. Maƙwabcinsa na rumfa ta huɗu, wanda ake kira Dogo, yana da fular da ake zare irin wannan giya da ita. Ya bayyana mini cewa idan aka huda giyar wuri biyu, aka yanka zare irin na noti a hujin, aka ɗaura fular, za ta biyo a hankali cikin safiya guda. Na roƙe shi ya yi. Sai ya maida hannayensa baya, ya ce dokar ƙungiya ta hana makanike taɓa aikin da ɗan'uwansa ya buɗe, sai wanda ya buɗe ya tsaya gaban shugaba da jama'a ya ce ya kasa. Ko aron fular, ya ce sai Auta ya nema da bakinsa. Na zaga rumfa shida, amsar ɗaya ce, sai ka ce hadda aka ba su.

4. Auta kuwa ba zai faɗa ba. Na san shi tun yana tsere mana ba wando, taurin kansa ya girme shi. Kullum amsarsa ita ce ta kusa. Tun ranar 6 ga Mayu, da ya hango ni a bakin gareji sai ya tuna yana da sayayya a kasuwa. Ni kuma in tsaya ina zagaya motar, in leƙa ƙarƙashin bonet, in koma gida, in kasa zama, in sake dawowa. Masu shayin bakin gareji har sun daina tambaya ta me zan sha.

5. Ga dalilin da ya sa ban iya haƙuri ba. Matata tana zuwa wankin ƙoda duk Litinin da Alhamis, asibitin kuma yana can ƙarshen gari. A motata nakan kwantar mata da kujera in bi a hankali, na san kowane rami a hanyar. Yanzu sai abin hawan haya, wanda ba ya jira, ba ya kuma kauce wa rami. Ranar 7 ga Mayu mun isa a makare, aka ba wani gadonta, muka wuni a benci. Jiya ta yi amai a hanya, ta ba direba haƙuri kamar ita ta yi laifi. Raina ya ɓaci ƙwarai, kuma tsoro nake ji, na rubuta shi a fili.

Ban raina dokarku ba. Na fahimci an kafa ta don kada wani ya ƙwace wa wani aiki, kuma ta yi amfani. Sai dai a wannan karon ta tsare mutuncin makanike ne ta bar marar lafiya a titi.

Saboda haka ina roƙon ka, cikin ladabi, ka ba Dogo izini ya zare giyar nan gobe Laraba, a canja sil, a ɗaure injin kafin safiyar Alhamis, 14 ga Mayu.

Ina kuma roƙon kada a ci Auta tara, kada a tsayar da shi gaban jama'a. Ka kira shi kai da shi, ka ce umarninka ne su yi aikin su biyu. Duk ranar wanki shi ne yake fara zuwa gidana da sassafe, ya ɗauki yayarsa cak da wannan ƙonannen hannun ya sa ta a abin hawa, ba ya yarda mu haɗa ido. Ita har yanzu ta ɗauka wani kaya ake jira daga nesa, haka na gaya mata. Jiya ma, bayan ta wartsake, abin da ta fara cewa shi ne in daina matsa wa yaron, ba a yi injin da zai gagari Autanta ba. Ina so ta hau motarta ranar Alhamis tana nan a kan wannan magana.

Allah ya ƙara maka girma da basira. Ina nan bakin ofishinka gobe tun kafin a buɗe.

Naka mai biyayya,

(sa hannu)
Tsohon akawu,
mai shuɗiyar motar da ke rumfa ta uku.