Na Yi Shiru a Gaban Kawun Hasna

Seremban, Malesiya
14 ga Maris

Yaya Nabiha,

Assalamu alaikum. Ina fatan kina lafiya, da Baba da Umma da kowa a Nassarawa. Yaya ƙafar Baba? Ni lafiya lau, aiki na tafiya, abinci ne dai ba ya shiga.

Kin san maganar Hasna, abokiyar karatuna da nake son aura. Ranar Asabar na je ƙauyensu kusa da Kuala Pilah, tafiyar kilomita arba'in ta cikin tsaunuka. Mutanen wannan jiha, Negeri Sembilan, asalinsu Minangkabau ne daga Sumatra, Musulmi kamar mu. Gidansu na katako ne, rufinsa kamar ƙahon ɓauna. A al'adarsu, gida da gonar gado na mata ne, 'ya'ya kuma dangin uwa suke bi.

Kawunta ne ya karɓe ni, ba mahaifinta ba. Ya ce a wurinsu miji ne ke tarewa a gidan matarsa, ya tambaye ni ko na amince. Yaya, sunkuyar da kai na yi, na yi shiru yadda muka saba a gaban manya. Kafin in ɗago, shi da danginsu sun ɗauka na amince, sun shafa fatiha.

Jiya Baba ya turo mini hoton ɓangaren da ya gina mini a bayan gida, har an sa tayil. Don Allah kada ki gaya masa tukuna, ki fara lallaɓa Umma. In ya tambaye ki fentin da nake so, ki ce ya ɗan dakata.

Allah ya raya yaranki. Ki sa ni a addu'a.

Ƙaninki,
Usaid