Na Ɗinke Aljihun Baba

Laraba da dare, Nasarawa Gwom

Haushin Yaya Sani ya hana ni cin abinci. Tunda aka sa wa Baba batirin zuciya likita ya ja mana kunne, kada maganaɗisu ya kusanci ƙirjinsa. Yau na ji nauyi a aljihun gaban kaftaninsa, inda kullum yake sa waya. Ashe Yaya ya sayo masa abin cajin nan marar igiya, mai maganaɗisu da ke mannewa a bayan waya.

Da na yi magana ya ce, "Ke Hauwa, wa ya auna ya ce yana illa?"

Na ce, "To a ƙirjin ubanmu za ka auna?"

Ya ja tsaki ya fita. Na ɗauko allura na ɗinke aljihunan duka. In ya isa, gobe ya zo ya farke.