Ni Na Ce wa Matar Yayana Ba Zai Warke Ba

Assalamu alaikum jama'ar wannan shafi. Don Allah a sakaya sunana, kuma ku ji ta bakina kafin ku yanke min hukunci.

A gidanmu a Gumel akwai labarin da muka taso muna ji. Kakarmu takan ce lokacin da Turawa ke shata iyaka ta wajen Maigatari, kakanta, wani bafatake mai raƙuma, ya dawo daga tafiya ya zauna a zaure, bai ƙara fita ba. Ba zazzaɓi, ba hauka, sai shiru da ƙin abinci, yana ramewa har ya rasu. Ta ce ciwon gidanmu ne, in ya kama mutum gaba yake yi, ba ya baya.

Bara sai ga shi a kan Yayana. Mutum mai barkwanci ya daina buɗe shagon hatsinsa, ya daina wasa da 'ya'yansa, yini yake a ɗaki yana kallon bango. Matarsa ta same ni ina girki, tana kuka, ta ce in gaya mata tsakani da Allah ko zai warke. Wa ya aike ni? Na ce, "Anti, irin wannan ba a warkewa, kullum ƙaruwa yake. Ki yi ta kanki." Ba a jima ba ta kwashe yara ta koma gidansu a Gagarawa.

Daga baya muka kai shi asibiti. Na tambayi likita ko ƙwaƙwalwarsa ce ke lalacewa, irin ta tsofaffin da ke manta 'ya'yansu. Ya ce a'a, ciwon damuwa ne, ba ya cikin cututtukan da ke cinye ƙwaƙwalwa babu dawowa. Yakan tsananta in an bar shi, yakan tafi ya dawo, amma da magani da kulawar iyali ana samun sauƙi. Sai ya tambaya ina matarsa. Wallahi ji na yi kamar ƙasa ta tsage in shige.

Yanzu Yaya ya fara cin abinci, yana fita masallaci. Na je Gagarawa biko, mahaifinta ya ce ai daga bakin 'yan gidanmu suka ji, ba zai mayar da 'yarsa jinyar da ba ta da ƙarshe ba. Ita kuwa ta rufa min asiri, ba ta ambaci sunana ba. Shekaranjiya Yaya ya dube ni ya ce, "Ke kaɗai ce ba ki guje ni ba." Ina zan sa kaina?

In na faɗa masa, ina tsoron ya koma ɗaki ya rufe. In na yi shiru, gani yake ita ta yashe shi, har ya fara maganar saki.

Jama'a, me zan yi?