Ranar da Inna Ta Fice daga Wasan Makaranta

Birnin Kudu

Ƙanwata Ummussalma,

Assalamu alaikum. Ya gida, ya jikin Inna?

Har yanzu na kasa gane abin da ya faru ranar Asabar. Na gayyace ku wasan kwaikwayon ɗalibaina na tarihi, ana tsaka da shi Inna ta miƙe tana kuka, kuka hau acaɓa ko sallama babu.

Labarin Farankawa ne fa, waɗanda suka mulki ƙasar Faransa fiye da shekara dubu da suka wuce. Sarki ya mutu ya bar yara, sai 'yan'uwansa biyu suka aika wa uwarsu almakashi da takobi: ko a aske jikokinta su rasa sarauta, don dogon gashi ne alamar ɗan sarki a wurinsu, ko a kashe su. Me ya haɗa Inna da wannan?

Ki gaishe ta.
Yayanki, Safiyanu

Farin Dutse, Gwaram

Yaya,

Wa'alaikumus salam. Muna lafiya, sai dai Inna ba ta cin abinci. Ta ɗauka da ita kake.

Bayan rasuwar Yaya Hadi, Yaya Badaru ya shiga ɗakinta ya ce ta zaɓa: ko ta shaida wa mai unguwa cewa gonar fadama tasa ce ba ta marigayi ba, ko ya raba ta da marayun, Nasiha da Ƙasimu. Ta je ta rantse, don kawai a bar mata su.

Bai bar mata ba. Hutun da aka ce maka sun tafi ƙarya ne. Aikatau ya kai su wani gida a Kano.

A gafarce ni da na yi shiru.
Ummussalma

Birnin Kudu

Ummussalma,

Salam. Na karanta wasiƙarki. Badarun da muke ciki ɗaya? Wallahi ban san komai ba. Ki faɗa wa Inna haka, kuma kada ta yi komai sai na iso Juma'a.

Safiyanu

Farin Dutse

Yaya,

Salam. Ba ta jira ka ba. Yau da hantsi ta je ƙofar mai unguwa, gaban jama'a ta ce, "Ƙarya na rantse, gonar marayu ce." Yaya Badaru na zaune a wurin, bai ɗago kai ba.

An sa shi ya faɗi gidan da ya kai yaran a Kano. Ka taho da mota, Inna ta ce da ita za a je ɗauko su.

Allah ya kawo ka lafiya.
Ummussalma