Taswirar da Ba Gonarmu a Ciki

Yaya Barira,

Assalamu alaikum. Ina fata kuna lafiya, ke da yara. Yaya ƙafar Baba? Ki gaishe shi, ki ce lafiyata lau.

Saƙonsa ya iso, wai in gyara masa iyakar gonarmu a taswirar gwamnati, tunda aikina ke nan. Laifina ne. Da ya tambaye ni aikina, na ce "map" nake haɗawa, shi kuma ya baza a masallaci cewa ɗansa yana zana ƙasa a Abuja.

Yaya, tawa taswirar ba gona ba rafi. Jerin sunaye ne a kwamfuta, kowanne da bayaninsa a gefe, cikin wani yare da ake tambayar rumbun bayanai da shi. Dokarsa ita ce, abin da aka rubuta ba ya goguwa. In ana son canji sai a fitar da sabuwa, tsohuwar tana nan yadda take. Ni na gina ta, ni kaɗai na san kanta, shi ya sa oga ba ya sakina.

Wata uku aka ce mini, yau shekara biyu. Sau huɗu yana rubuta mini sabuwar ranar hutu, ni kuwa ina kan kujerar nan a Gwarinpa, ban gusa ba.

Ina cin abinci, kada ki damu. Ki ba Manniru, direban da ke zuwa Abuja, kuka da daddawa ya kawo mini.

Maganar gona, a kai wa mai unguwa kafin damina. Amma ki bar wa Baba taswirarsa, wadda yake zaton ina zanawa. A cikinta kaɗai nake da ikon matsar da wani abu.

Ƙanenki,
Yahuza