Rudun Barakatu

Aliero, Jihar Kebbi

Zuwa ga ƙanena Dalhatu, a Kumasi,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Gaisuwa mai yawa daga gida, da fatan takardar nan za ta same ka cikin ƙoshin lafiya, kai da Sadiya da yara. Allah ya ƙara muku lafiya, ya sa albarka a kasuwa. Mu nan sai godiya. Inna ta warware daga zazzaɓin nan, har ta koma yi wa jikoki tsawa, ka san kuwa in ta fara wannan to sauƙi ya samu. Damina ta yi kyau, gero ya fitar da kai a gonarmu ta Andarai.

Da gangan na ƙi kiranka a waya, don na san halinka: kafin in kai rabin magana za ka fashe da dariya ka hana ni ƙarasawa. A takarda dole ka haƙura ka karanta. Maganar ɗiyarka Barakatu ce, da musun da muka yi da kai a kanta.

Ka tuna ranar da ta samu gurbi a jami'ar garin nan aka ce mini kimiyya za ta karanta. Ni a sanina mai kimiyya likita ne, ban tsaya tambaya ba. Na faɗa a masallaci, na faɗa a kasuwar Jega, har mahauta suka koma kirana Baban Likita, ni kuma ina amsawa da faɗin rai. Shekara biyu ana haka, sai ga Gwaggo Murjanatu ta taso tun daga Jandutsi da ciwon gwiwarta, wai a nuna wa likitar gida. Yarinyar nan ta durƙusa ta gaishe ta, ta ce ita ba cutar mutane take karantawa ba, cutar shuka ce. A gaban baƙi fa, Dalhatu! Kunyar da na ji ranar ban taɓa jin irinta ba. Na ce in dai noma ne ai ga ni, ba sai an je jami'a ba, tana gama zangon bana za ta dawo gida ta zauna. Kai ka ce in bar ta, na ce maka daga Kumasi magana ba ta da wuya.

Ba ta yi mini musu ba, kodayake uwarta Tabawa ta ce kwana uku abinci bai shiga cikinta ba. Da lokacin cirar albasa ya matso, sai ta same ni a gona ta roƙi abu ɗaya, wai in ware mata fangali kaɗan ta yi yadda aka koya musu, a kuma gina mata nata rudun kusa da nawa. Ka san rudunmu, rumbun kara da ciyawa da muke ajiye albasa har ta yi daraja. Ta ce in tata ta ruɓe kamar tawa, da ƙafarta za ta baro makarantar. Na yarda, domin na tabbata ni zan ci.

Ni na yi yadda Baba ya koya mana. Na ba da ruwa har saura kwana biyu a cira, don ƙasa ta yi laushi albasa ta yi nauyi, muka yanke ganye dab da wuya, muka zuba a rudu a ranar. Ita kuwa ta hana ruwa mako biyu cur, har ganye ya kwanta. Ina wucewa zuciyata na zafi, kamar an hana yaro nono. Da ta cire ma ba ta yanke ba, ta jera ta ganyen wannan ya rufe kan waccan, ta bar ta ta sha iska kwana goma. Sannan ta yanke ta bar wuya tsawon yatsa biyu, duk wadda ta ƙuje ta fitar da ita gefe. Maƙwabcinmu Maigari ya tsaya ya ce wannan ai albasa ce ake yi wa zaman jego. Buhu goma ta zuba, ni ma goma na zuba, aka rufe.

Wata biyar ke nan, ranar Asabar ɗin da ta wuce muka buɗe. Ni na gayyato Maigari da kaina don ya zama shaida, ka ga abin da na jawo wa kaina. Aka fara da nawa. Warin da ka sani ne ya tare mu, muka tsince muka samu buhu biyar da ɗan kai, na ce alhamdu lillahi, bana ma da sauƙi. Ka san tun muna yara rabin rudu na ruɓa ne, mun ɗauka haka Allah ya yi albasa. Da aka ɗaga ciyawar nata sai na ji shiru, ba wari. Na tura hannu har gwiwar hannu ina neman laushi, ɓawo kawai nake ji yana ƙara. Buhu tara muka ɗaure, Dalhatu. Maigari ya cire hula ya mayar, ya ce shi dai ba zai yi mini dariya ba sai an fara auna nasa rudun.

Na tambaye ta sirrin, ta ce babu sirri. Ta nuna mini hoto a wayarta, wanda ta ɗauka a ɗakin gwajinsu ta madubin da ke ƙara girman abu: wasu ƙananan halittu ne da ido ba ya gani, ta ɗanyen wuyan da muke yankewa suke shiga. Wato shekara talatin da wuƙata nake buɗe musu ƙofa. Na tuna yadda Baba yake zama gefen tarin ruɓaɓɓiya ya yi tagumi, sai hawaye suka zo mini, ban ɓoye ba. Ta ce masu irin karatunta wasu malaman gona suke zama, wasu suna binciken iri, wasu kuma su ne ke duba kayan abinci a kan iyaka. Na ce to ta yi a hankali, kada wata rana ta tare motar babanta Dalhatu a hanyar Kumasi.

Ka ci musu, na yarda, yi dariyarka. Ka san a gidanmu babba ne ke faɗin ranar da za a ɗauke wa albasa ruwa, Baba ya yi, ni na gada. Na faɗa a gaban Inna cewa rani mai zuwa Barakatu ce za ta faɗa. Mahautan Jega har yanzu Baban Likita suke ce mini, yanzu kuwa ina amsawa ba tare da na sunkuyar da kai ba.

Inna tana sa maka albarka, ta ce ka taho da goro mai kyau. Tabawa tana gaida Sadiya, a shafa mini kan Munir da Aliya. Gwaggo Murjanatu ta ce a gaishe ka, gwiwar an kai ta asibiti. Barakatu ce kaɗai ba ta ba da saƙon gaisuwa ba, domin ba ta gida. Jiya da safe ni da kaina na ɗauke ta a babur, da akwatinta a gabana, na kai ta har ƙofar makaranta.

Naka yayanka,
Alu